Ƙarin RAM da sake ɗora Windows a sabuwar laftof: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Mafi yawan masu sayen kwamfutar tafi-da-gidanka sukan fara tunanin ƙara mata RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'urar ke riƙe ayyukan da take yi a lokacin) ne bayan sun kai ta gida, sun buɗe shafuka goma sha biyar a burauza, sun ga tana jan ƙafa. A lokacin kuwa sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin ko RAM zai ƙaru ko ba zai ƙaru ba, magana ce da aka yanke tun a masana'anta. Saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi a gaban kanta, ko a Farm Centre ta Kano yake ko a Banex ta Abuja, ita ce ko RAM ɗin na'urar a gurbi yake zaune, ko kuwa an liƙe shi da dalma a jikin babban allonta.

Kwamfutocin da ke kasuwa sun rabu gida uku a wannan fanni. Akwai masu gurbi biyu, waɗanda ake iya zare RAM ɗinsu a sa wani, kuma yawancinsu kwamfutocin ofis ne masu ɗan kauri, irin su HP EliteBook 840 G8 da Dell Latitude 5420, tare da akasarin na'urorin da aka ƙera domin wasanni. Akwai kuma sirara marasa nauyi waɗanda RAM ɗinsu duk a liƙe yake, kamar Dell XPS 13 da ThinkPad X1 Carbon da kowace MacBook mai ƙwaƙwalwar Apple tun daga M1 ta shekarar 2020. Wanda ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan da 8GB, to da 8GB zai rayu har ya rabu da ita. A tsakiya akwai masu rabi da rabi, wato wani kaso a liƙe, gurbi ɗaya kuma a buɗe, kamar ThinkPad T14 ta farko. Wannan rukuni na uku shi ya fi ruɗar mutane, domin mai shago zai ce ana iya ƙarawa, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai abin da aka liƙe ɗin ba zai taɓa fita ba. Ba a gane wannan da suna kaɗai, tunda kamfani ɗaya yakan sauya tsari daga shekara zuwa shekara alhali sunan na'urar bai sauya ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a kwafi cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙarƙashin na'urar, a nemi takardar bayananta a shafin kamfanin. Idan aka ga an rubuta LPDDR4X ko LPDDR5, kusan kullum alama ce ta liƙaƙƙen RAM. In kuma na'urar tana kunne, ana iya danna Ctrl da Shift da Esc tare a buɗe Task Manager, a shiga sashen Performance, inda yakan nuna adadin guraben da ke aiki, ko da yake wannan lissafin nasa yakan yi kuskure a wasu na'urori.

Game da yawan abin da ake buƙata, Microsoft ta rubuta 4GB a matsayin mafi ƙarancin abin da Windows 11 zai tashi da shi, amma tashi daban, aiki daban. Da 8GB mai rubuce-rubuce da ɗan leƙa intanet zai lallaɓa. A ganina 16GB shi ne ma'aunin da ya dace da wanda yake son na'urar ta kai shi shekara huɗu ko biyar, kuma kamfanonin da kansu sun nuna hakan: a 2024 Microsoft ta sanya 16GB a matsayin sharaɗin kwamfutocin Copilot+ masu ayyukan ƙirƙirarriyar basira, Apple ma a watan Oktoba na 2024 ɗin ta mayar da shi mafi ƙarancin abin da take sa wa MacBook Air. Mai tace bidiyo ko zanen gine-gine kuwa ya fara lissafi daga 32GB.

A da, dabarar masu wayo ita ce su sayi na'ura mai ƙaramin RAM su ƙara da kansu, domin kamfanoni sukan tsuga kuɗi a kan ƙarin da suka yi a masana'anta. Tun daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda yadda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke kwashe kayan, don haka yanzu sai an zauna an kwatanta farashin biyun a ranar sayen kafin a ce wanne ya fi sauƙi.

Wanda ya zaɓi ƙarawa da kansa ya lura cewa RAM na laftof, wanda ake kira SO-DIMM, ya fi na kwamfutar tebur gajarta, kuma nau'o'in RAM biyu, DDR4 da DDR5, ba sa shiga gurbin juna. Na farko haƙora 260 gare shi, na biyu 262, kuma tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba, ta yadda duk wanda ya matsa da ƙarfi sai dai ya karya gurbin. Idan aka haɗa sandunan RAM biyu masu bambancin gudu, dukkansu za su koma tafiyar mai nawa daga cikinsu. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba, wato sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya ta 16GB amfani a na'urar da ba ta da katin hoto na musamman, domin sashen hoton yana aron RAM ne, kuma hanya biyu ta fi ɗaya faɗi. Intel da kanta ta bayyana cewa sashen hotonta mai suna Iris Xe sai da hanya biyu yake cika sunansa, in ba haka ba ya koma aiki a matsayin UHD, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Amfanin sanda ɗayar kawai shi ne ta bar gurbi domin gaba.

Aikin sakawar ba shi da wuya. Ana kashe na'urar gaba ɗaya, a zare caja, a kwance sukurorin bayanta, a bi gefen murfin da wani abu na roba maimakon wuƙa, sannan a cire igiyar batir daga allon kafin a taɓa komai. Ana riƙe sandar ta gefe da gefe, a daidaita tsagarta da ɗan tudun da ke cikin gurbin, a tura ta a karkace, sannan a danna ƙasa har ƙarafunan nan biyu na gefe su ce ƙyas. Kunnawar farko takan ɗauki lokaci fuskar na'urar tana baƙa, musamman da DDR5, kuma a nan ne mai gaggawa yake zaton ya lalata kayansa. Kafin a ɗaure sukurori a mayar da hankali kan wani abu, yana da kyau a gwada sabon RAM ɗin da manhajar gwaji ta MemTest86 na wasu sa'o'i, domin sanda mai lahani ba ta nuna kanta rana ɗaya. A kuma tambayi mai shago tun da wuri ko buɗe murfin zai soke garantinsa, tunda a kasuwanninmu ɗan sitikan da ya manna a kan sukuru shi ne hujjarsa.

Sai batun babbar manhaja, kuma a nan ma zaɓi uku ne, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Na'urar da ta zo a kwali da Windows na asali takan zo da tarkace, kamar rigakafin ƙwayoyin cuta na gwaji mai damun mutum da neman kuɗi, da tallace-tallace iri-iri. Galibi cire su ɗaya bayan ɗaya ya wadatar, kuma wannan ne zaɓin da nake ba wanda ba ya son wahala. Masu tsananin taka-tsantsan suna da dalilinsu, domin a 2015 an gano wata manhajar talla mai suna Superfish a wasu kwamfutocin Lenovo tana raunana tsaron shafukan da ake shiga, amma irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Zaɓi na biyu shi ne Reset this PC da ke cikin Windows ɗin kansa, mai sake ɗora shi sabo, wanda yake da sauƙi, sai dai a na'urori da yawa yakan dawo da kayan kamfanin da ake gudu.

Na uku shi ne gogewa ƙarƙaf a ɗora sabo daga filash, kuma akwai yanayin da ya zama tilas. Kwamfutoci da yawa ana shigo da su da FreeDOS ne kawai, wata 'yar babbar manhaja ta kyauta da ba ta isa aikin yau da kullum, ba tare da lasisin Windows ba, shi ya sa suka fi arha, sai a ɗora musu Windows a shago kafin a miƙa wa mai saye. Na taɓa karɓar irin wannan daga wani shago, Windows Pro tana aiki lafiya lau, sai bayan wata shida rubutu ya bayyana a kusurwar dama ta ƙasa yana neman a kunna lasisi. Ashe da wata dabarar kauce wa sayen lasisi da ake kira KMS mai ƙarewa bayan kwana 180 aka kunna ta, kuma an kashe rigakafin Windows ɗin domin kada ya kama manhajar da aka yi amfani da ita. Na'urar da ake shiga banki da ita bai kamata ta zauna a kan abin da ba a san wanda ya haɗa shi ba. Mai sayen irin wannan ya sa kuɗin lasisi cikin lissafinsa tun farko, ko kuma ya duba Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, waɗanda kyauta ne kuma sun fi lallaɓa ƙaramin RAM, muddin aikinsa bai rataya a kan manhajojin Adobe ko AutoCAD ba. Komawa Windows 10 kuma ba shawara ba ce, domin Microsoft ta daina tallafa masa a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ana haɗa filash ɗin da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ko da Rufus, a kan filash mai aƙalla 8GB wanda za a goge duk abin da ke cikinsa, kuma saukewar takan ci data ta gigabait da yawa. Idan na'urar ta zo da Windows na asali, lasisin yana rubuce a cikin BIOS ɗinta, wato ƙaramar manhajar da ke jikin allonta mai tayar da ita, tun zamanin Windows 8, zai kuma kunna kansa, da sharaɗin a ɗora irin wanda ta zo da shi. Lasisin Home ba ya kunna Pro.

Tarkunan da ke wannan hanya guda uku ne, kuma biyun farko ana kauce musu ne kafin gogewa. A na'urorin Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama, mutum yakan isa wurin zaɓen faifan da za a ɗora Windows ya tarar da akwatin fayau, kamar babu faifan ajiya na SSD a ciki, alhali direban Intel RST, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya ga faifan, shi ne kawai ya ɓace, kuma da an ajiye shi a filash ɗin da minti ɗaya ya warware matsalar. Haka nan direban Wi-Fi, domin Windows 11 yana neman intanet yayin saitin farko, kuma na'urar da ba ta ga Wi-Fi ba sai ta tsaya cak. Wayar Android da aka jona da kebul aka kunna rabon data takan fitar da mutum. Na uku shi ne BitLocker, tsarin tsaro na Windows wanda tun daga sigar Windows 11 ta 24H2 yake kulle faifai da kansa a yawancin na'urori bayan an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne, kuma sauya saiti a BIOS kaɗai yana iya sa a nema, don haka a kwafe shi a takarda a adana.

Bayan an gama, ba duk kayan kamfanin ne abin zubarwa ba. Lenovo Vantage da MyASUS da makamantansu su ne ke kawo sabuntawar BIOS, wadda ba a fara ta sai batir ya cika kuma caja tana jone, ganin yadda wuta take ɗaukewa ba sallama. A cikinsu ne kuma ake samun saitin da ke hana batir cika ɗari bisa ɗari, ya tsaya a wajen kashi 80, wanda yake rage saurin tsufansa ga na'urar da ke wuni a jikin caja cikin zafin bazara.