Taima da ekstenshan na fitilun rainon shuka: sakamakon gwajin wata huɗu a Kaduna

A ɗakin da nake rainon irin tumatir da tattasai a Unguwar Rimi akwai fitilun LED guda uku, kowace tana cin wat 480, kuma sukan yi awa 16 a kunne kafin a kashe su domin shuka ta samu duhun da take buƙata. Jimillarsu wat 1,440 ke nan, wanda a wutar ƙasar nan mai bolt 230 ya kama amfiya 6 da ɗan ɗoriya. A kan wannan nauyi na gwada taima iri biyu, wato na'urar da ke kunna wuta ta kashe a lokacin da aka saita mata, da ekstenshan iri biyu, duka daga wani shagon kayan wuta a cikin gari.

Taimar farko ita ce mai faranti da ke zagayawa, wadda take da ƙananan haƙora 96, kowane haƙori yana wakiltar minti 15. Tana da araha, saita ta kuma ba ya ba kowa wahala. Sai dai ƙaramin injin da ke juya farantin da wutar soket yake aiki, saboda haka duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon yakan tsaya cak, idan kuma aka dawo da ita sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Cikin mako guda na tarar da fitilun suna mutuwa da hantsi, suna kamawa bayan la'asar. A ganina wannan taima ba ta dace da garin da ake yawo tsakanin wutar gari da janareta ba.

Ta biyu mai allon lambobi ce, tana da ɗan batiri a ciki wanda ke riƙe mata lokaci ko da babu wuta, kuma a wannan fanni ban same ta da laifi ba. Matsalarta ta fito ne a mako na shida, ranar da na dawo daga sallar asuba na ga allon yana nuna a kashe take, alhali ɗakin fayau yake da haske. Mai gyaran wutar da na kira ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu, sun yi baƙi sun manne da juna kamar an yi musu walda. Bayanin da ya yi mini shi ne, amfiya 13 da aka rubuta a bayanta ta kayan zafi ce irin dutsen guga da hita, amma fitilar LED mai ƙarfi takan fizgi wuta ninkin-ba-ninkin abin da ta saba ci a daidai ƙiftawar da aka kunna ta, kuma wannan fizga ce ke ƙona ƙarafan sannu a hankali. Maganin da ya kawo shi ne kontakta, wato makunni mai ƙarfi da aka yi domin irin wannan aiki. Yanzu sabuwar taimar umarni kawai take ba kontakta, kontaktar kuma ta ɗauki nauyin fitilun uku.

Ekstenshan ɗin farko shi ya fi tayar mini da hankali. Robarsa kauri gare ta, wanda ya sa na ɗauka wayar ciki ma haka take, amma bayan awa biyu fulogin yakan yi zafin da ba a iya daɗewa riƙe da shi, ga kuma ƙaurin roba. Da muka yanke bakinsa muka kankare silin wayar da wuƙa, sai jan launin ya tafi, fari ya bayyana: alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, wanda ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe na ainihi. Abin da ya fi muni, wayoyi biyu ne kacal a ciki, ƙafar fulogi ta uku ba a haɗa ta da komai ba. A ɗakin da ake ban ruwa kullum, fitilu kuma jikinsu ƙarfe ne, rashin wayar ƙasa, wato waya ta uku mai kwashe wutar da ta yi yoyo zuwa ƙasa, ganganci ne da rai.

Wanda nake amfani da shi yanzu waya ce mai sili uku ta jan ƙarfe zalla, mai kaurin murabba'in milimita 1.5, tsawonta mita 4, da fulogi mai fiyus na amfiya 13. A miƙe take, domin wayar da aka bari a naɗe tana tara zafi. Soket ɗin yana kafe a bango sama da inda ruwa ke fantsama, an kuma sa wa layin na'urar RCD mai yanke wuta idan yoyonta ya kai miliamfiya 30. Tun shigowar hunturu nakan kashe komai in goge ƙurar da ke taruwa a bakin soket sau ɗaya a mako, kuma duk yammacin da na dafa fulogin bayan awa goma yana aiki, ɗan ɗumi kaɗan kawai nake ji.