Hattara da mai tallar dodon koɗi da "fitilar sanyi" a Garwa da Marwa

Jama'a, akwai wani mutum da ke bin zaurukan WhatsApp na mata a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, yana tallar kiwon manyan dodon koɗi, irin waɗanda ake tsintowa a dazukan kudu, wajen Kumba da Buya. Wai ki sayi iyaye ashirin da akwatin roba, bayan wata shida ya dawo ya saye 'ya'yan da tsada. Wasu riba ce ta ja su, wasu don yara su samu abin kallo a gida. Ba shi da shago, ba ya ba da takarda, ta waya kawai yake karɓar kuɗi.

Cinikin farko shimfiɗa ce kurum, hunturu yake jira. Da iskar Disamba ta fara kaɗawa, dodon koɗi yakan shige can cikin ɓawonsa, ya toshe bakin da wani farin yaɓe, ya daina ci, ya daina motsi. Sai hankalin mai kiwo ya tashi, ta kira shi. Amsarsa a shirye take: "Hajiya, sanyi ne zai ƙarar miki da su. Turo sefa dubu 15 in aiko miki fitilar ɗumama da garin ƙarfi."

Ƙarya yake yi. Bushewar iska ce ke sa wannan halitta ta rufe kanta don kada ruwan jikinta ya ƙare, kuma ko a dajin kudu haka take yi da rani, sai ruwa ya sauka ta fito. Gaskiya ne sanyin asuba na watan Janairu yana rage musu kuzari, don sun fi son ɗumi kusan digiri 25 da laima, amma ɗaki mai rufaffiyar taga ya wadatar. Fitila kuwa, in aka rataya ta a kan akwatin roba, tsotse ɗan laimar da ta rage take yi. Ga shi dabba ce ta dare, ba ta son haske.

Na leƙa akwatin wata maƙwabciyarmu bayan mako guda da kunna fitilar. Ƙasar ciki ta tsattsage, ganyen latas ya zama ƙurmus, kiyashi sun yi layi suna shiga ɓawon, wari kuwa ba a magana. Garin ƙarfin ma ƙulli ne a leda, babu rubutu, da ta ɗanɗana sai ta ji gishiri-gishiri, alhali gishiri kashe dodon koɗi yake yi. Ta kira shi, ya ce ita ce ba ta bi ƙa'ida ba, don haka babu batun saye. Washegari lambar ta daina shiga.

Lissafinsa ma tun asali bai tashi ba. Irin da yake rabawa, wanda masana ke kira Archachatina marginata, manyan ƙwai 'yan kaɗan yake zubawa, wajen goma a zubi ɗaya, shi kuwa ɗaruruwa yake alkawari a kowane zubi. Sannan wa zai saya? Masu cin naman nan a kudu suka fi yawa, kuma can ne kayan suke.

In naki sun rufe baki, sansana tukuna, wanda ya mutu warinsa ba ya ɓuya. Kada ki fasa yaɓen da ƙarfi. Ki yayyafa musu ruwa mai ɗan ɗumi safe da yamma, ki jiƙa ƙasar yadda in kin dunƙula za ta haɗu ba tare da ta ɗiga ba, ki ɗaga akwatin daga kan siminti, ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma amma ki bar hanyar iska. Ganyen gwanda, kabewa, kokwamba da dakakken ɓawon ƙwai sun ishe su. Yara su riƙa wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ya fi hunturu haɗari a gare su, sai a nema musu wuri mafi sanyi a gidan.

Wadda ta riga ta tura kuɗi kada ta goge saƙon turawar da hirarsu, ta kai wa 'yan sanda ko jandarma. Yanzu da sabuwar lamba yake shiga zauruka, amma hotunan akwatunan ba su canza ba.