Kafin Ka Sayi Ƙwayar Bitamin: Wacce Ce Ta Dace da Jikinka?

Kwalaben bitamin sun cika kasuwa, kowacce tana alƙawarin ƙarfi da kuzari. Shi kuwa jiki abin da ya rasa kawai yake nema. Idan aka ba shi abin da ya riga ya ƙoshi da shi, ko dai ya zubar a fitsari, ko ya tara har ya koma cuta. Saboda haka kafin ka zaɓi kamfani, fara sanin abin da jikinka ya rasa, kuma gwajin jini ya fi hasashe.

Zaɓi na farko shi ne ƙwaya mai haɗe da sinadarai da yawa. Tana da amfani ga wanda cimarsa ta yi rauni, kamar tsoho mai ƙarancin cin abinci ko wanda ya tashi daga doguwar jinya. Sai dai kaɗan-kaɗan take ɗauke da kowane sinadari, don haka ba ta isa ta warkar da rashin da ya riga ya kama jiki ba. Nan ne ƙwaya mai sinadari guda ta fi ta.

A ganina, inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganin ƙarin jini. Da sinadarin ƙarfe jiki ke gina jajayen ƙwayoyin jini masu kai iskar oksijin ko'ina, shi ya sa ƙarancinsa ke kawo kasala, jiri da haki. Babbar lambar da ke gaban kwalba sau da yawa nauyin haɗin ne gaba ɗaya, wato ƙarfen da sinadarin da aka haɗa shi da shi. Ainihin ƙarfen ya fi haka ƙanƙanta: a nau'in maganin da ake kira feros fumaret kusan kashi 33 cikin ɗari ne, a feros salfet kusan kashi 20, a feros gulukonet kusan kashi 12. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 325 tana ba da ƙarfe kusan miligiram 65. Juya kwalbar ka nemi wannan adadin, da shi za ka kwatanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mai juna biyu shawarar shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe tare da maikurogiram 400 na folik asid (wani nau'in bitamin B) kullum. Bitamin C na taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen, shayi da madara kuwa suna rage tsotsar, don haka a raba lokacinsu. Bayan gidan mai shan ƙwayar ƙarfe na iya yin baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Namiji lafiyayye kuwa, wanda buƙatarsa ba ta wuce miligiram 8 a rana ba, kada ya sha sai gwaji ya nuna rashi, domin jiki ba shi da hanya mai sauƙi ta fitar da rarar ƙarfe.

Kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori iri biyu aka fi sayarwa. Kabonet ya fi ƙunsar sinadarin, amma sai an sha da abinci. Sitiret ana shan sa ko ciki babu komai, kuma ya fi dacewa da masu shan maganin rage asid ɗin ciki. Ko wanne ne, jiki ya fi karɓar miligiram 500 ko ƙasa da haka a lokaci guda, kuma sai da bitamin D yake shiga yadda ya kamata.

A kula da bitamin A, D, E da K, domin a kitse suke narkewa, jiki kuma yana ajiye su. Yawan bitamin A na iya nakasa ɗan tayi, bitamin K kuma yana karo da warfarin, maganin hana daskarewar jini.

Garin furotin fa? Baligi na buƙatar kusan giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa, wato giram 56 ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6, ga wake, kifi da nama. Yawancin mutane ba sa buƙatar gwangwanin.

Duk wadda ka zaɓa, duba ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar kula da magunguna, ka gaya wa mai harhaɗa magani sauran magungunan da kake sha. Ƙwayar ƙarfe kuma a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin idan ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.