Ritirit ɗin shiru na kwana uku: tauraro huɗu na ba su, ga dalilin da na riƙe ɗaya

'Yan'uwa da yawa sun tare ni suna tambaya wai yaya ritirit ɗin nan na shiru ya kasance, wato keɓewar da ake yi a zauna da Allah cikin addu'a ba surutu, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, dan gaskiya na gaji da maimaitawa a bakin ƙofar coci. Ba zan ambaci sunan gidan ba. Sistoci ne ke riƙe da shi, ana shiga yammacin Alhamis a fito Lahadi bayan Mas, kuma ba ni na kai kaina ba, Fadan farish ɗinmu ne ya cika fom ɗin da hannunsa ya miƙo min ya ce Mama ki je, wannan ba shawara ba ce.

Sai na faɗa muku yadda nake kafin tafiyar, in ba haka ba ba za ku gane me nake yabo ba. Ni ce sakatariyar kwamitin farish, ina cikin kwaya, ina cikin masu gyaran bagade, makullin sito ma a jakata yake kwana. In aka samu kuskuren harafi ɗaya a takardar sanarwar Lahadi to ranar babu ni babu barci. Ana tsakiyar Mas kowa ya sunkuyar da kai, ni idona na kan kyandir ɗin da ya karkace da yaron bagaden da ya tsaya ba a wurinsa ba, ina ƙirga waɗanda ba su zo mitin ba ina jin haushinsu, har na kai inda in na ji ƙarar ƙararrawa sai gabana ya faɗi sai ka ce ana kirana wurin aiki. Addu'a kuwa ina yi, amma irin ta cika lis ce.

Abu na farko da aka yi mana da isarmu, Sista ta karɓi wayoyi ta zuba a wani akwati, ta ba mu lamba ɗaya da iyali za su kira in wani abu ya taso. Na so in yi gardama dan akwai saƙonni a WhatsApp na kwamiti da ban amsa ba, ta dube ni ta ce Mama cocin na nan tun kafin a haife ki. Kai maganar ta yi min zafi, amma ban samu amsa ba.

Ɗakin ƙarami ne, gado, tebur, kujera, gicciye a bango, shi ke nan. Tsaf yake babu ƙura. Famfon banɗaki dai yana ɗiga dare da rana, fankar kuma tana ƙara kamar za ta faɗo.

Tsarin ranar ba shi da cunkoso ko kaɗan, kuma nan ne na fara rikicewa. Addu'ar safe, gajeren jawabi na kamar minti 20, Mas, sai a ba ka nassi ɗaya tak ka tafi da shi, da yamma a sake haɗuwa. Tsakanin nan babu komai. Babu! Ranar Juma'a da safe na shiga ɗakin sujada na ga zanen bagaden ya fi tsawo ta gefe ɗaya, ban san lokacin da na miƙe na nufi wurin ba, sai ga wata tsohuwar Sista ta riƙe min hannu a hankali ta girgiza kai ta nuna min benci. Na koma na zauna ina kallon karkataccen zanen nan kusan awa guda, raina na tafasa, kuma ku yarda da ni har muka bar gidan ba wanda ya gyara shi. Ina zargin da gangan suke barinsa haka, ban dai tambaya ba.

Nassin da aka ba mu ranar, Luka 10:38-42 ne, labarin Marta da ta shagala da hidima da 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu. Na ce a raina to ga shi nan, za a sake zagin Marta kamar kullum, alhali in babu irinsu Marta wa zai share cocin? Amma Fadan da ya jagorance mu bai bi ta nan ba. Ya ce mu lura Yesu bai ce mata aikin banza take yi ba, damuwarta ya taɓa, da yadda hidimar ta koma ƙorafi har tana ba Ubangiji umarni ya sa 'yar'uwarta ta tashi. Ya ce kuma sunanta ya kira har sau biyu, kamar yadda ake kiran wanda ake ƙauna. Ni nan ne ya same ni, dan na tuna sau nawa na durƙusa ina kai ƙarar 'yan kwamiti gaban Allah ina ce masa addu'a.

Jawabin da na fi so shi ne na Asabar, kan Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda tsarin irin wannan ritirit ɗin daga gare shi ya samo asali, sai dai cikakken nasa kusan kwana 30 ne, namu ɗan tsakure ne kawai. Ni a sanina soja ne da aka ji wa rauni a ƙafa a yaƙin garin Pamplona a 1521 ya tuba ya zama babban mutum. Ban san cewa a 1522, lokacin da yake zaune a Manresa a ƙasar Sifen, ya sha fama da ciwon ganin bai yi daidai ba, ya furta zunubi ya fito ya ce anya ban manta wani ba ya sake komawa, ya ƙi ci ya ƙi hutawa, har abin ya kusa hallaka shi, sai daga baya ya gane wannan muryar mai cewa bai isa ba ba ta Allah ba ce. Fada ya ce shi ya sa binciken zuciya na dare da Ignatius ya koyar, da godiya ake fara shi kafin a zo kan kurakurai, kuma kamar minti 15 ne, ka gama ka kwanta. Ni kuwa shekara da shekaru daga kurakuran nake farawa, a can kuma nake kwana.

Sun kawo wasu nassoshin ma, Markus 6:31 inda Yesu ya ce wa almajirai su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, da Zabura 127 mai cewa banza ne sammako da kwanan zaune dan Allah na ba ƙaunataccensa barci. Wannan Zaburar na ɗauke ta da gaske fa, ranar Asabar da rana na kwanta wai minti goma, ban farka ba sai da aka gama addu'ar yamma. Na fito da kunya ina shirin ba da haƙuri, Sista ta yi murmushi ta rubuta min a 'yar takarda, 1 Sarakuna 19. Na je na duba, ashe Iliya ne ya gaji ya kwanta ƙarƙashin itace, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya kula da jikinsa ya bar shi ya sake kwanciya.

To yanzu tauraron da na riƙe. Ganawa da Fada ɗaya-ɗaya ta yi gajarta sosai, shi kaɗai ne mu kuma muna da yawa, kowa minti 20 a rana. Kafin ka tattaro ƙarfin halin faɗin ainihin abin da ke cinka an ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar da na fara kuka a gabansa ina ce masa ina tsoron in na saki aikin nan ban san ko ni wace ce a cocin ba, ya samu ya ce min 'yata, Fafaroma Francis ya rubuta a 2013 cewa Jibin Ubangiji ba kyautar cikakku ba ne, magani ne na raunana, ki daina zuwa kamar mai karɓar albashi, yana rufe baki lokaci ya cika. Haba, a nan ne ma ya kamata a fara maganar. Su nemo fada na biyu ko su rage yawan mutane. Sannan bangon ɗakunan siriri ne, maƙwabciyata ashe ta ɓoye waya ta biyu, ƙarfe 11 na dare ina jin ta tana raɗa-raɗa. Kuma bayan an sallame ku shi ke nan, babu wani bibiya, ka koma cikin hayaniyar da ka baro.

Wanda ke cikin babban baƙin ciki ko damuwar da ta hana shi ci da barci na makonni, dan Allah ya ga likita ma, kar ya ce shirun kwana uku zai wadatar, dan shirun nan yana tono abubuwa kuma dare na da tsawo. Mai son wa'azi mai zafi da kiɗa shi ma ba wurinsa ba ne, zai gundura tun ranar farko.

Da na dawo na miƙa makullin sito ga wata matashiya a kwamiti, ta jera kujerun ba yadda nake jerawa ba, na gani na yi shiru amma sai da na cije leɓe. Sakatariya dai har yanzu ni ce, ban zama Maryamu ba. Lahadin da ta wuce an rubuta ranar mitin ba daidai ba a sanarwa, hannuna har ya kai kan biro, sai katikis ya tashi ya gyara da baki mutane suka yi dariya aka wuce.

In za ku je ku tafi da tocila da littafin rubutu da rigar sanyi, ɗakin sujadar na da sanyi da asuba. Ku roƙi ɗakin da ke ƙarshen baranda, nesa da famfon nan.