Injin ƙaramar mota ya gaji: a yi masa ringi da metal, ko a ɗauko na Beljiyam?

Motata Corolla ce ƙirar 1997, mai injin nan 4A-FE na lita 1.6. Ta fara shan baƙin mai ne kaɗan-kaɗan, har ta kai in zan je kasuwar Maigatari ranar Alhamis daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim, sai na jefa galan a but. Hayaƙi kuwa ba a magana, maƙwabta har tsiya suke min wai na koma sana'ar gawayi. A majalisa kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce ringi da metal kawai take so, wato zoben fistan da ɓawon ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kai. Wancan ya ce kada in ɓata kuɗina, in tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in ɗauko na Beljiyam, wato injin hannu da aka shigo da shi daga waje, in huta. Wani kuma ya san wata Corolla da ta yi hatsari a hanyar Gumel, injinta lafiya lau.

Dukkansu da gaskiyarsu, sai dai babu wanda ya leƙa cikin injin a cikinsu. Ni ma ban leƙa ba na je Kano na sayo saitin ringi sitanda, wato mai girman asali na kamfani. Za mu dawo kan wannan wautar.

Kafin ka taɓa aljihu, fara sauraron motar. In hayaƙi mai shuɗi yana fita da safe ne kawai, ko bayan ta daɗe a tsaye tana aiki, sannan ya ɗauke, sau da yawa robobin bawul ne suka bushe, kuma wannan aikin saman inji ne, bai kai a sauke shi ba. In duk lokacin da ka taka totur hayaƙin yake biyo ka, to zance ya koma kan ringi. Buɗe murfin zuba mai: in ka ga abu kamar kunun gyaɗa a jikinsa, ko lagireto na tasowa da kumfa, ruwa da mai sun haɗu, gasket ya ƙone ko top ɗin, wato kan injin, ya lanƙwashe. In kuma kana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, fitilar mai tana ƙiftawa idan inji ya yi zafi, metal ya tafi, wataƙila ya ci kurankishaf, babbar sandar da fistan ke juyawa. Akwai kuma agogon gwada matsin silinda da ake ɗaurawa a ramin fulogi. A injin 4A-FE, mai lafiya yana kaiwa wajen 190 a ma'aunin psi na agogon, in ya faɗo ƙasa da 142 ya gaji. Silindar da ta ba da ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake gwadawa. Allura ta hau? Ringi ne. Ba ta motsa ba? Duba bawul ko gasket.

Ringi da metal shi ne mafi araha, shi ya sa ya fi farin jini. Ana canza ringin fistan, metal na ƙasa, gasket da robobi, a ɗan goge cikin silinda, a mayar. Yana yi, amma fa ga injin da bangon silindarsa bai cinye ba. Ranar da muka ɗage top ɗin motata, tsohon bakaniken garinmu, wanda duk muke ce wa Baba, bai ce komai ba. Hannuna ya kama ya sa farcena a bakin silinda ta uku, ya ja shi sama. Farcen ya maƙale a wani tudu.

"Ka ji shi?"

"Na ji, Baba."

"To ɗana, ramin nan ya zama ƙwai. Ringin da ka sayo zobe ne. Ka taɓa ganin zobe ya zauna daidai a jikin ƙwai?"

Abin da yake nufi, fistan ya shekara yana cin bangon ta gefe biyu, ramin ya daina zama da'ira. Sabon ringi a irin wannan ramin zai yi maka wata biyu ko uku yana rufa asiri, daga nan hayaƙi ya dawo, ka rasa kuɗin kaya, ka rasa na aiki. Galibin masu cewa gyaran inji ba ya ƙarko, irin wannan gyaran aka yi musu.

Cikakken gyara kuwa sai an sauke injin gaba ɗaya, an kai bulok da kurankishaf da top wajen masu injin aikin ƙarfe a birni. Su za su auna. In silinda ta cinye, a faɗaɗa ta da 0.25 ko 0.50 na milimita, a sayi fistan da ringi masu wannan girman. In kurankishaf ya yi zane, a wasa shi, a sa masa metal mai kauri daidai da abin da aka rage. A bakin masu sana'ar za ka ji ana cewa ten ko twenti, wato 0.25 ko 0.50 ɗin nan. Top kuma a duba ko ya lanƙwashe, a share fuskarsa. Ka'idar ɗaya ce, ita ce kuma na taka: awo tukuna, sayayya daga baya. Mai awon ya rubuta maka lambobin a takarda, da ita za ka shiga kasuwa.

Ba kowane inji ne ke karɓar wannan aikin daidai ba. Masu bulok na baƙin ƙarfe irin 4A-FE, da 4E-FE na Starlet, da injinan Golf 3, suna da naman da za a faɗaɗa. Peugeot 206 mai lita 1.4 nata salon daban ne: silindarta kwasfa ce da ake zarewa, ana sayen ta haɗe da fistan, sai dai in ka cire top kada ka kuskura ka juya injin ba ka danne kwasfar ba, za ta ɗago ta saki robar ƙasa. Corolla ta 2003 zuwa sama mai injin 1ZZ-FE kuwa bulok ɗinta alminiyam ne mai siririn bango, ba ya son faɗaɗawa. An san na farko-farkonsu da shan mai saboda ƙananan ramukan fistan da ke toshewa. In bangon bai lalace ba gyara yana yi, in ya lalace ni dai canji zan ba ka shawara.

Wajen sayen kaya, sunayen da aka sani na motocin Japan su ne irin NPR da Riken a ringi, Taiho da Daido a metal. Na motocin Jamus kuma Mahle, Kolbenschmidt, da Elring a gasket. Amma kwali ba shaida ba ne, masu jabu ma sun iya buga kwali. Je da wanda ya san kayan a hannu, kuma in farashin ya yi daɗin da ya wuce hankali, ka san araha ba ta ado. Gasket ɗin top da bel ɗin taimin, waɗannan biyun kada ka yi musu rowa.

Sai na Beljiyam, wanda wasu ke kira tokumbo. Daɗinsa sauri: ka saya yau, jibi kana kan hanya, kuma haɗin kamfani ne da ba a taɓa buɗewa ba, in ka dace. Ga mai haya da motar, wanda kowace ranar kasuwar Wudil ko Gujungu da ta wuce shi asara ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalarsa biyu. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Sannan kana sayen abin da ba ka ji kukansa ba. Irin motata sun haura shekara 25, injinan da ke shigowa yanzu su ma ba yara ba ne, wani lokaci ma na gida ne aka wanke da fetur aka fesa masa fenti.

Don haka kada tsabtar waje ta ruɗe ka, ƙurar Turai ta fi sabon fenti daraja. Sa sifana a kan fulin gaba ka juya shi zagaye biyu, ka ji yana tauri yana saki ba tare da ya cije ba. Cire fulogi huɗun ka jera: wanda ya jiƙe da mai ya tona asirin silindarsa. Leƙa ramin zuba mai da tocila. In mai kaya ya yarda, a kwance kaskon mai na ƙasa, ka shafa gindinsa. In yatsanka ya fito da ƙyalƙyalin ƙarfe, yi masa sallama. Duba kawunan notuna ko sifana ta taɓa cinsu, da gam ɗin da ya tsattsafo ta gefen gasket. Lambar inji ma ka karanta ta da idonka. Golf 3 mai lita 1.8 kaɗai tana da AAM da ABS da ADZ, 4A-FE ma iri biyu ne, na farko da na baya, kuma 7A-FE ya yi kama da shi sosai. Kuskuren harafi ɗaya sai ya sa wayoyinka da ƙwaƙwalwar motar su ƙi shi.

Maganar garanti kuwa, ɗan birni da ɗan ƙauye ba ɗaya ba ne. In aka ce maka kwana kaɗan, lissafa ranar ɗauko shi, ranar da bakanike zai samu sarari, ranar da za a gano an manta wani abu a Kano. Ka ce masa, "Alhaji, daga Jigawa nake, a ƙara min kwanaki, a kuma rubuta a rasit tare da lambar injin." Rasit ɗin nan ka adana shi da takardun mota. Kafin a ɗora, canza bel ɗin taimin, famfon ruwa, robar mai ta bayan kurankishaf, ka duba kulochi. Inji na ƙasa aikin minti kaɗan ne, yana ciki aikin yini.

Akwai rabin inji, wato ƙasan kawai, ga wanda top ɗinsa ke da lafiya. Injin motar da ta yi hatsari kuma, in za a tayar maka da shi ka ji, ka san mai ita, kuma ba ta gaba ta daku ba, yakan fi na kasuwa kwanciyar hankali.

Duk wanda ka zaɓa, sai an ɗaga inji, kuma ko na ƙaramar mota yakan kai wajen kilo 100. Reshen darbejiya da igiyar rijiya ba abin dogaro ba ne. Mu bututun ƙarfe uku muka ɗaure kamar murhu, muka yi hayar sarƙar ɗaga inji. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa kututture mai faɗi, ba bulon siminti ba, shi yakan fashe ba sallama.

A nan ne ƙauye ke shiga lissafi. Kuɗi yana zuwa ne da kaka, bayan an sayar da riɗi ko gyaɗa, daidai lokacin da hunturu ke tasowa da ƙura. Injin Beljiyam a rufe yake zuwa, ƙura ba ta dame shi ba. Wanda aka buɗe kuwa, ƙwayar yashi ɗaya a kan sabon metal ta isa ta zana kurankishaf. A zaure muka haɗa nawa, muka yayyafa ruwa a ƙasa, muka shimfiɗa leda, muka tare ƙofa saboda kaji da yara. Notuna a gwangwanayen madara, kowanne da rubutu. Kowane fistan da murfin sandarsa, ba a musanya su, kibiyarsa tana kallon gaba. Bakunan ringi a rarraba su, kada su hau layi ɗaya. Notunan top kuwa sai da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa waje; "ɗaure har ya yi ƙara" shi ke ƙona sabon gasket. In ba ka da ɗaki mai rufi, ba ka da inda za ka ari wannan sifanar, ba ka kuma da irin Baba a kusa, to na Beljiyam ya fi maka, ko da ya fi tsada.

Ni cikakken gyara na yi, don awo ya nuna kurankishaf ɗina bai ci ba, gogewa kawai aka yi masa, silinda kuma aka faɗaɗa ta da 0.50. Zuwa Kano uku ya ci min, mota ta yi sati uku a kan kututture. Na mayar da tamostat ɗin da wani ya taɓa cirewa, na daina zuba wa lagireto ruwan burtsatse tsura, na lallaɓa ta kilomita 1,000 na farko sannan na juye mai. Galan ya bar but tun daga lokacin.

Saitin ringin nan sitanda kuwa, mai shagon ya ƙi karɓa saboda na ɓare ledarsa. Yana nan a kan kabad ɗin uwargida, kusa da kwanukan tangaran. Duk mai 4A-FE da farcensa bai maƙale ba, ya zo mu daidaita.