Unguja ko Pemba: wanne za a kai iyali?

Alhaji, ka yi tambaya cewa kana son kai iyali Zanzibar hutun mako guda, amma an ce maka tsibirai biyu ne, ba ka san wanda za ka nufa ba. Gaskiya aka faɗa maka. Babban shi ne Unguja, wanda kowa ke kira Zanzibar, sai ƙaninsa Pemba can arewa da shi. Dukansu cikin Tanzaniya suke tun haɗewar Zanzibar da Tanganyika a 1964, kuma kusan kowa a can Musulmi ne, saboda haka masallaci da abincin halal ba za su ba ka wahala ba.

Unguja ya fi sauƙin zuwa. Daga Darussalam jirgin ruwa kusan awa biyu ne, ya sauke ka a bakin tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000. Lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga, ƙofofin katako sun sha sassaƙa da ƙusoshin tagulla, aikin zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya maido fadarsa nan a 1840. Ku tsaya a wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nunawa za su sosa maka rai, amma ya kamata yara su gani. Bayan magariba ku gangara Forodhani, inda ake gasa kifi a gabanka, ana matse rake da citta da lemun tsami. Akwai jan biri a dajin Jozani, da manyan kunkuru a tsibirin Changuu, ga masallacin Kizimkazi mai rubutun shekarar 1107 a bangon alƙibla.

Sai dai ka lura da masauki. Bakin tekun Nungwi ya fi daɗin wanka, amma Turawa sun cika shi da irin shigarsu. A Paje kuwa ruwa kan ja baya da nisa, har ka hango mata suna aikin ciyawar teku.

Pemba daban ne. Larabawa suka sa masa suna koren tsibiri: tuddai ne da gonakin kanumfari, don mafi yawan kanumfarin Zanzibar daga nan yake fitowa. Lokacin girbi za ka tarar an shanya shi kan tabarmi a gefen hanya, ƙamshi ya cika ko'ina. Baƙi kaɗan ne, otal kaɗan, kuma daga Unguja za ka iya hawa ƙaramin jirgin sama na kimanin rabin awa zuwa garin Chake Chake da ke Pemba. Mai son shiru da nutso a teku zai so shi matuƙa.

Da yara da uwargida, kuma zuwan farko, Unguja nake ba ka shawara. Ka dai kauce wa watan Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai ƙarfi ne.