Inshorar wurin aiki da yaronmu mai shan tramadol: tauraro biyu kawai

Jama'ar Nima da Mamobi, kafin ku dogara da inshorar kamfani mai zaman kansa kan yaro da ya fara lalacewa ku karanta takardar inshorar har ƙasa. Ɗana shekara 16, tramadol ya kama shi, ya bar makaranta, sai mashin da abokan banza, muka samu wata cibiyar gyaran hali a bayan gari inda ake kwana, akwai gona da motsa jiki da masu ba da shawara, wurin ya yi mana wallahi.

Na kira kamfanin, yarinyar da ta ɗauka tana da ladabi, "Hajiya ki yi haƙuri, likitan ƙwaƙwalwa da magani muna biya, kwana a cibiya kuma ba ya cikin tsarinku." Ashe can shafi na ƙarshe aka rubuta da ƙananan haruffa kamar tururuwa. Ko yayana da ke Amurka ya ce shirye-shiryen kai yara daji don gyaran hali irin na jihar Utah ma haka ne, yawanci iyaye ke biya daga aljihu.

Gaskiya ganin likita sun biya ba gardama, shi ya sa na ba su tauraro biyu ba ɗaya ba. Mai katin NHIS, inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, kuma ya sani tun Nuwamba 2024 an saka ciwon damuwa da fargaba da cututtukan ƙwaƙwalwa na bipolar da schizophrenia a ciki, ku danna *929# ku sabunta na yaran. Kuɗin cibiyar dai adashe na ɗauka na biya.